Kuɗin Soja da Yaƙin Nesa: Abin da Manomi Ya Biya da Abin da Ya Samu

Wannan magana ce ga jama'a masu sauraro, na birni da na karkara, musamman dattawanmu da iyayenmu mata da samari na ƙasar Ruwan Bore da Mada da Wonaka, da 'yan uwanmu na Tsafe da Bunguɗu, duk a jihar Zamfara, da dukan wanda Allah ya nufa wannan murya ta kai gare shi a daren nan.

Mas'alar da za mu duba yau ita ce dukiyar da hukuma ke kashewa a kan soja, da yaƙe-yaƙen da ake tura 'ya'yanmu su yi a ƙasashen da ba namu ba. Mai yiwuwa wani ya ce wannan magana ce ta manya, ta Abuja da Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ta mutumin da ke lissafin buhun taki da kuɗin ƙodago ba. To, amma in aka yi tunani kaɗan za a ga ba wanda ta shafa kamarsa, domin ba a taɓa sayen harsashi ko ɗinka kakin soja ba face da gumin wani, kuma gumin nan, ko ya bi ta hanyar haraji, ko ta rijiyar mai, ko ta bashin da jikoki za su biya, a ƙarshe daga rumbun talaka yake fitowa.

Malamanmu na farko ba su jahilci wannan ba. Ibn Haldun, da masu hikimar da suka gabace shi, sun bayyana cewa mulki ba ya tsayuwa sai da runduna, runduna kuwa ba ta tsayuwa sai da dukiya, dukiya ba ta samuwa sai ƙasa ta rayu da noma da ciniki, ƙasa kuma ba ta rayuwa sai da adalci. Watau sarƙa ce wadda in zobe guda ya tsinke sauran ba su da amfani. Haka kuma Shehu Magili, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, da ya zo kan yadda ake sarrafa dukiyar baitulmali, sai ya gabatar da ƙarfafa ganuwa da makamai a inda suka yi rauni, kafin ya ambaci sauran masu haƙƙi. Saboda haka ba wani mai hankali, balle mai ilmi, da zai ce ciyar da dukiya a kan tsaro ɓarna ce a asalinta. Wajibi ne, kuma shi ne na farko. Sai dai fa malaman nan sun ɗaure wajibcin da wata manufa ƙwaya ɗaya, ita ce toshe kafar da abokin gaba ke shigowa ta cikinta ya taɓa talakawa. Wannan ne ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, bayan da ƙasa ta faɗaɗa, ya mai da himmarsa ga kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, ya zaunar da mayaƙa a cikinsu tare da iyalinsu suna noma suna tsaro, shi da kansa kuma ya tare a ribaɗin Wurno har Allah ya karɓi ransa a can a 1837. Ma'aunin da suka bar mana ke nan, kuma da shi za mu auna sauran abin da zai biyo.

Bari mu fara da yaƙin da kakanninmu suke kira yaƙin Hitila, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945, domin shi ne ya fi kowane nuna yadda wutar da aka kunna a wata nahiya take iya cin rumbun wanda bai san inda aka kunna ta ba. Turawan Ingila suna mulkinmu a lokacin, ba su kuwa shawarci kowa ba kafin su ce mu ma muna cikin yaƙi. Aka ɗebi samari ta hannun sarakuna da hakimai, waɗansu da son ransu, saboda kwaɗayin albashi ko ganin duniya, waɗansu kuwa don dagaci ya cika adadin da aka yanka masa. Aka sa su cikin rundunar sojan Afirka ta Yamma, wadda Hausa ce ma harshen da ake ba da umurni da shi a cikinta. Da farko aka kai su gabashin Afirka suka yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941; sa'an nan, da Japan ta mamaye ƙasar Bama, aka haɗa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, aka ɗora su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can suka kutsa dazuzzukan Arakan da kwarin kogin Kaladan, inda ruwa ke zuba wata da watanni, inda mota ba ta shiga, har ya zama dubbai daga cikinsu ba bindiga aka ba su ba, kaya aka ɗora musu a ka, su ne motocin rundunar. A watan Janairu na 1945 suka ƙwace garin Myohaung. Wanda ya taɓa mamakin sunayen barikokinmu, irin su Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, to, ya sani duk daga wancan yaƙi aka samo su, galibinsu sunayen wuraren da jinin 'yan ƙasar nan ya zuba ne.

Wannan kason waɗanda suka tafi ke nan. Na waɗanda suka zauna a gida kuwa, ba safai ake ambatonsa ba, alhali bai gaza nauyi ba. Da Japan ta kame Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, sai aka juyo kan ma'adinan Jos, daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗiban manoma na tilas daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza, a cikin sanyin da ba su saba da shi ba, ga ƙarancin abinci, ga cuta, har da yawa ba su komo ba. Aka matsa wa manomi ya ƙara gyaɗa da auduga, hukuma ce kuma ke yanka farashi, jirgin ƙasan da aka shimfiɗa wa dogo har Ƙauran Namoda a 1929, wanda ke ratsa Tsafe da Gusau, ya yi ta kwasa yana kai wa teku. Aka kafa asusun taimakon yaƙi, baitulmalin sarakuna suka zuba, talakawa suka zuba, har aka raɗa wa wata rundunar jiragen saman Ingila sunan Nijeriya saboda kuɗin da aka tara mata. Da yaƙi ya ƙare, 'yan mazan jiya suka komo da lambobin girma a ƙirji, da sallamar da ba ta kai ta Baturen da suka kwana rami ɗaya da shi ba. Ba za a ce ba a sami kome ba: an karya Hitila, wanda aƙidarsa game da baƙar fata ba ta ɓoyu ga kowa ba, kuma mutanen da suka ga Bature yana jin tsoro yana mutuwa kamar kowa sun komo da idon da ya taimaka wajen neman mulkin kai. Amma in an tambaya wace kafa ce aka toshe wa mutumin Ruwan Bore a kwarin Kaladan, amsar tana da wuyar samu.

Bayan mulkin kai sai muka shiga tura soja da yawun kanmu. Tun a 1960 suka tafi Kwango a ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, har Janar Aguiyi-Ironsi ya shugabanci rundunar duka a 1964. Suka je Lebanon daga 1978, suka je Cadi a farkon shekarun 1980, daga baya kuma Darfur. Mafi nauyinsu duka shi ne na rundunar ECOMOG ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ta sauka a Laberiya a watan Agusta na 1990, zamanin Janar Babangida, ta zarce Saliyo, inda ta mai da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan kujerarsa a watan Maris na 1998. Abin al'ajabi kuwa, gwamnatin da ta yi wannan aiki ita kanta ta soja ce, ta Janar Abacha, tana kai wa waɗansu abin da ta hana mutanenta. Shugaba Obasanjo ya bayyana a 1999 cewa Nijeriya ta kashe kimanin dala biliyan 8 a ƙasashen nan biyu, ban da ɗaruruwan sojan da aka rasa. Ni dai ba ni cikin masu cewa duk asara ce. Wanda ya san yadda 'yan tawayen Saliyo suke datse hannuwan mata da yara, ya san ceton rai aka yi, ceton maƙwabci kuwa haƙƙi ne a shari'a da al'ada. Kuma a Gambiya, a watan Janairu na 2017, shigar runduna kawai ta isa Shugaba Yahya Jammeh ya bar mulki ba tare da an gwabza ba, wannan kuwa riba ce mai araha. Sai dai a cikin shekarun nan goma da ake kwarara dukiya a Monrobiya da Firitawun, manyan biranen Laberiya da Saliyo, a nan gida burtali yana toshewa, makiyaya tana komawa gona, kotu da ofishin 'yan sanda suna rasa amincin talaka, ana shuka irin fitinar da muke girbe yau, ba wanda ya lissafa ta cikin kuɗin tsaro.

Akwai kuma yaƙin da ba a yi ba, wanda a ganina ya cancanci a riƙa tunawa da shi fiye da waɗansu da aka yi. Bayan juyin mulkin Nijar na ran 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ba sojan can wa'adin mako guda, tare da barazanar ƙarfi. Sanatocin Arewa suka tashi suka ce a duba jihohi bakwai da ke jingine da Nijar, Zamfara na cikinsu. Majalisar Dattawa ta nemi a bi hanyar sulhu. Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda shi kansa tsohon soja ne da ya yi aiki a Cadi da Saliyo, ya kuma san abin da ake nufi da yaƙi, suka tafi Yamai, tawagar malamai ita ma ta tafi. Allah ya kiyaye, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Duk da haka rufe iyaka da yanke lantarki kaɗai sun gasa mutanen ɓangarorin biyu tsawon watanni, motoci suka yi layi kaya suna ruɓewa, sai a farkon 2024 aka janye takunkumin. In ƙurar yaƙi kawai ta yi wannan ɓarna, sai mai sauraro ya ƙiyasta abin da yaƙin kansa zai yi tsakanin Katsina da Maraɗi, ko tsakanin Zurmi da ƙauyukan da ke tsallaken iyakarta, inda kaka ɗaya ta haifi mutanen nan da na can.

In muka ɗaga kai muka dubi duniya, lissafin yana sa mutum ya yi shiru. Cibiyar SIPRI ta ƙasar Suwidin, wadda aikinta ke nan, ta ce a 2024 ƙasashen duniya sun kashe dala biliyan 2,718 a kan soja, Amurka ita kaɗai biliyan 997. Masu bincike na Jami'ar Brown a Amurkan sun ƙiyasta cewa yaƙe-yaƙen da ƙasarsu ta shiga bayan harin Satumba na 2001 sun ci kimanin dala tiriliyan 8. Ga shi kuwa bayan shekara 20 a Afganistan, Taliban ɗin da aka je kora su ne suka shiga Kabul a watan Agusta na 2021. A nan kusa da mu, Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas da fiye da dala miliyan 100, ta kuma tattara ta bar shi a 2024. Wanda ya fi taɓa mu kuwa shi ne na Libiya a 2011, lokacin da ƙasashen NATO suka yi ruwan bama-bamai har gwamnatin Gaddafi ta faɗi, rumbunan makamanta suka zama na kowa, bindigogi suka malalo ta hamada. A 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun masu tayar da ƙayar baya, a farkon 2013 Nijeriya ta tura soja can, a cikin shekarar kuma ta janye da yawansu domin gida ya kama da wuta. Waɗanda suka yanke shawarar yaƙin Libiya suna Faransa da Ingila da Amurka, sun biya kuɗin jiragensu sun koma gida. Ragowar bashin kuwa, mutanen Sahel ne ke biya har yau, mu ma muna ciki.

To, yanzu sai mu komo gida, inda maganar ta fi zafi. Jama'ar Ruwan Bore ba su bukatar a ba su labarin harin 'yan bindiga da ya same su da maƙwabtansu a watan Fabrairu na 2019, haka mutanen Jangebe game da 'yan matan makaranta 279 da aka kwashe a Fabrairu na 2021, haka na Sabon Gida a ƙasar Bunguɗu, inda aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Satumba na 2023. Ba kuma za a ce hukuma ta naɗe hannu ba. A watan Yuli na 2016 Shugaba Buhari ya zo da kansa dajin Ɗansadau ya ƙaddamar da farmakin Harbin Kunama; aka yi Sharan Daji, aka yi Hadarin Daji, ga Fansan Yamma. A Disamba na 2017 aka amince a ciri dala biliyan 1 daga asusun rarar man fetur don tsaro, aka biya Amurka dala miliyan 496 kuɗin jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano, waɗanda kashin farko nasu ya iso a Yuli na 2021. A Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, talaka ya haƙura ya sha wuya da fatan a gama. A kasafin 2024 an ware wa tsaro naira tiriliyan 3.25, a wanda aka gabatar na 2025 kuwa tiriliyan 4.91, fiye da abin da aka ware wa ilmi, fiye da na lafiya. Jiha ma ta kafa rundunar tsaro ta Askarawa a Janairu na 2024.

Duk da wannan, a ƙauyuka da yawa na Tsafe da Gusau da Bunguɗu, manomi yana biyan kuɗin tsaro sau biyu: sau ɗaya ga hukuma, wadda ta karɓa da alkawarin za ta kare shi, sau ɗaya kuma ga ɓarawon daji, wanda ke aza wa gari haraji kafin a yi shuka, ya sake aza wani kafin a yi girbi, wani lokaci ma ya tilasta wa mutane su nome masa tasa gonar, ban da kuɗin fansa, wanda ke cinye shanu da gona da kayan ɗakin mata a dare guda. In muka ɗora wannan a kan ma'aunin malamanmu, sai mu ga bakin iyakar da ya wajaba a yi ribaɗi a kansa yau ba a Monrobiya yake ba, ba a Yamai ba. Yana nan inda gonar ƙarshe ta gari ta haɗu da daji, yana kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, wajen Kucheri da Wanzamai, inda direba ke duban agogo kafin ya bi.

Kada wani ya fahimci ana zargin ƙaramin soja ne. Yaron nan da ke kwana a rami, nesa da iyayensa, wanda in ya faɗi matarsa za ta yi ta sintiri tana neman haƙƙinsa, ɗan talaka ne kamar wanda yake tsaro, da yawansu kuma sun ba da ransu a dazuzzukan nan. Allah ya jiƙansu. Abin tambaya shi ne tazarar da ke tsakanin adadin da ake karantawa a majalisa da abin da ke isa hannunsa. Tun 2015 aka buɗe bincike a kan dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai da aka yi zargin an karkatar. Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa abin da ake kira kuɗin tsaro na shugabanni, wanda ake kashewa ba tare da an nuna rasiɗi ba, ya kai wajen dala miliyan 670 a kowace shekara. An ce sirri ne, kuma gaskiya ne akwai abin da ba a tallata shi a sha'anin yaƙi, kamar ranar farmaki da hanyar da za a bi. Amma farashin takalmin soja ba sirri ba ne, yawan motocin da aka saya ba sirri ba ne, kuma shari'a ba ta san wani amintacce da aka ɗauke wa hisabi ba, tun da Sayyidina Umar ya kasance yana ƙididdige dukiyar gwamnoninsa in ya naɗa su, ya sake dubawa daga baya.

Akwai kuma mas'alar irin abin da ake saye. Jirgin sama yana da amfaninsa, ya kuwa tarwatsa sansanoni. Sai dai jirgi yakan zo ya wuce, ba ya kwana a gari, kuma in labarin da aka ba shi ya gurɓata, kuskurensa ba ya gyaruwa, kamar yadda aka gani a Tudun Biri ta jihar Kaduna a Disamba na 2023, inda jirgi maras matuƙi ya faɗa wa masu taron Mauludi, rundunar soja kuma ta amsa cewa kuskurenta ne. Abin da ke hana ɓarawo komowa bayan an kore shi shi ne sansani mai ɗorewa, da hanyar da mota za ta bi ta kai ɗauki cikin damina, da layin waya mai aiki, da ɗan sandan da jama'a ba su tsoron gaya masa magana, da alƙalin da zai raba manomi da makiyayi da gaskiya kafin ɗayansu ya nemi bindiga. Waɗannan ba su da kwarjinin jirgi a ranar fareti, shi ya sa ba su cika samun mai tsaya musu ba a lokacin rabon kasafi.

Kasafin kuɗi kuwa ba a ɓoye yake ba. Kowace shekara Shugaban Ƙasa yana kai shi gaban Majalisar Tarayya, gwamna yana kai nasa gaban majalisar jiha a Gusau, akwai kwamitocin tsaro da ke zama a kansa, akwai babban mai binciken kuɗi da doka ta ɗora wa duba yadda aka kashe. Mazaɓar Gusau da Tsafe tana da wakili a Majalisar Wakilai, ta Bunguɗu da Maru tana da nata, Zamfara ta Tsakiya tana da sanata. Haƙƙin kowane mai ƙuri'a ne, in sun zo gida, ko ta bakin liman da mai unguwa da ƙungiyar manoma, ya tambaye su cikin ladabi: daga abin da kuka sa wa hannu bara, nawa ya iso ƙasarmu, sansani nawa aka kafa, wace hanya aka gyara, iyalin sojan da suka rasu a nan an biya su ko ba a biya ba, kuma in an sake kawo maganar tura runduna wata ƙasa, wa zai tsaya a wurin da za a ɗebe su.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko kasafin jihar nan mu karanta sashen tsaro layi layi, mu ga abin da aka rubuta wa Askarawa da abin da aka rubuta wa hanyoyin karkara.